Na'urar ɗaukar motsin jiki za ta iya koya wa yaranmu gudu da kokowa?

Mushen_Wasanni:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma ina son masu ilimin kwamfuta da tsofaffin 'yan wasa duk su sa baki. Ina koyar da wasannin motsa jiki a wata kwaleji nan cikin Damagaram, da yamma kuma ina horar da yara 'yan gudu da 'yan kokowa. Abin da ke damuna shi ne ido ba ya riskar motsi. Yaro zai taso da gudu, na san akwai abin da ba daidai ba a takunsa, amma kafin in gane ko gwiwa ce ko ƙugu, ya wuce. In na ce ya sake, sai ya yi wani abu dabam. A Turai da Amurka akwai ɗakunan da ake manna wa ɗan wasa 'yan ƙwallaye a gaɓoɓi, kyamarori su kewaye shi, kwamfuta ta fitar da ƙwarangwal ɗinsa yana motsi, a auna yadda kowace gaɓa ta lanƙwasa. Shin wannan abu yana koyarwa da gaske, ko awo kawai yake yi? Kuma akwai wani ɓangarensa da mu nan za mu iya mora da abin da ke hannunmu?

Injiniya_Zengo:
Wa alaikumus salam Mushe. Bari in fara da yadda yake aiki, don mu san abin da muke magana a kai. Irin wanda ka gani, kamfanoni kamar Vicon na Ingila da Qualisys na Suwidin ke ƙera shi. 'Yan ƙwallayen nan ba su da batir, an dai lulluɓe su da wani abu mai mayar da haske. Kowace kyamara tana da zoben fitilu da ke fitar da wani haske wanda idon mutum ba ya gani, hasken ya bugi ƙwallon ya komo mata. Kyamara ɗaya ɗigo kawai take gani, ba ta san nisansa ba. Sai aƙalla guda biyu sun ga ɗigon nan a lokaci ɗaya kafin kwamfuta ta lissafa ainihin inda yake, shi ya sa ake jera takwas ko goma ko fiye a bangon ɗakin. A wani tsari na Vicon da aka fi sani, ƙwallo 39 ake mannawa daga kai zuwa yatsun ƙafa, kuma ana ɗaukar hoto 100 ko 200 ko fiye a sakan guda.

Kuɗinsa kuwa miliyoyin sefa ne masu yawa. Ga ɗaki na musamman, ga kuran da ba ya yankewa, ga ƙwararren da zai zauna yana gyara bayanai bayan an gama. Ranar Damagaram ma matsala ce, domin hasken rana yana ɗauke da irin hasken nan da kyamarorin ke nema, sai ya rikita su idan a fili ake aiki.

Ɗan_KaraKara:
To ai an gama magana. Mu da ruwan da za mu sha a wurin atisaye ma sai mun sayo a jarka, ina mu ina kyamara goma? Ƙarfen da muke ɗagawa da siminti da gwangwani muka haɗa shi. A bar wa masu shi abinsu.

Ɗaliba_Lissafi:
Yaya Ɗan_KaraKara, kar ka rufe ƙofar tukuna. Abin da Injiniya ya bayyana shi ne mai tsada, amma ba shi kaɗai ba ne. Yanzu akwai wanda ba ya buƙatar a manna wa mutum komai. Manhaja ce da aka koya mata gane jikin ɗan Adam daga hotuna masu ɗimbin yawa, kana ba ta bidiyo sai ta zana ƙwarangwal a kan mutumin. OpenPose daga jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta fito a 2017. MediaPipe ta Google tana gano wurare 33 a jiki, kuma tana aiki a cikin wayar kanta ko babu intanet. Akwai kuma OpenCap ta jami'ar Stanford, ita wayoyin iPhone biyu take so, kuma sai ta tura bidiyon can a lissafa a dawo da sakamako, don haka rezo da kuɗin data sun shigo ciki.

Ni a jami'ar André Salifou nake karatu, kuma mun gwada MediaPipe a kan ƙaramar kwamfutata. Na ɗauki ƙanena yana tsalle a tsakar gida da gajeren wando, ƙwarangwal ɗin ya bi shi tsaf, har kusurwar gwiwarsa tana canzawa a gefen allo. Da ya sa doguwar riga ya sake tsallen, sai ƙafafun zanen suka fara rawa, domin gwiwar ta ɓuya, manhajar kuma zato kawai take yi.

Mushen_Wasanni:
Madalla 'yata. Wannan shi nake son ji. To kokowa fa, kin gwada?

Ɗaliba_Lissafi:
Na gwada Mushe, a kan wani bidiyon karawa da aka ɗauka a filin Langa-Langa. Kafin su kama juna komai lafiya. Suna sarƙewa sai abin ya rikice: ta ɗauki hannun wannan ta haɗa da kafaɗar wancan, wani lokaci ƙwarangwal ɗin ya bar mutum ɗaya ya koma kan ɗayan, ƙura ta tashi ƙafafu su ɓace. Daidai lokacin da ake son a ga yadda aka yi kayen, nan ne ba ta ganin komai.

Injiniya_Zengo:
Ko mai tsadar ma haka zai yi. Ƙwallon da jikin abokin karawa ya rufe, babu kyamarar da za ta gan shi, kuma a riƙon farko rabinsu za su zube. Na kokowa sai dai nau'i na uku, irin na kamfanin Xsens na Holan: 'yan na'urori 17 ake ɗaura wa mutum a jiki, kowace tana jin juyawa da saurin gaɓar da take kai, ta aika wa kwamfuta ba tare da kyamara ba. Ba ruwansa da rana ko ƙura. Amma shi ma tsada gare shi, ƙarfe a kusa yana iya karkatar da lissafinsa, kuma ka yi tunanin ƙato ya faɗa a kan na'urar da ke bayansa.

Tsohon_Ɗan_Kokowa:
Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Na yi kokowa tun ina yaro a garinmu wajen Matamaye, bayan kaka idan an gama girbi, har na kai ga shiga zaɓen jiha. Yaran nan, ku saurara. Abin da ke kayar da mutum ba a ganinsa daga waje. Idan na sa goshina a kafaɗar abokin karawa, hannuna a ƙugunsa, ina jin inda nauyinsa yake. Ina jin lokacin da ya mayar da shi kan ƙafar hagu tun ƙafar ba ta motsa ba. Ina jin numfashinsa ya canza, na san ya gaji ko yana shirin ɗauka. A wannan ɗan lokaci nake taɗe shi. Mai kallo zai ce ƙafata ce ta kayar da shi, alhali shi ya ba ni kansa tun kafin nan. Wanda ya koya mini bai taɓa ce mini lanƙwasa gwiwa kaza ba. Kama ni yake yi, ya kayar da ni, ya ce tashi, ka ji abin da na yi? Haka har jikina ya gane. Na'urarku za ta iya kama yaro ta kayar da shi ya ji?

Ɗan_KaraKara:
Allah ya ƙara girma Baba. Magana ke nan.

Kine_Sabongari:
Baba ya yi gaskiya a kan kokowa, kuma bayaninsa ya dace da ilimin abin. Kyamara motsi take gani, ba ta ganin ƙarfi. Mutum biyu za su iya tsayawa cak a riƙe da juna, kowa yana turawa da iyakar ƙarfinsa, kwamfuta ta ce babu abin da ke faruwa. A ɗakunan bincike sai an binne wani faranti a ƙasa mai auna ƙarfin taku kafin a san wannan, shi kuma ba a yashi ake sa shi ba.

Amma ni a wurin rauni nake ganin amfaninta, domin aikina ke nan, gyaran gaɓoɓi bayan ciwo. Akwai wata jijiya a tsakiyar gwiwa da ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Sau da yawa ba duka ke tsinka ta ba, dira ce mara kyau ko juyawa kwatsam: ƙafa a kafe, gwiwa ta faɗa ciki, jiki ya karkata. 'Yan mata sun fi maza samun wannan rauni a wasanni irin su balo da kwando. Wata yarinya 'yar wasan hannu ta zo mini da ciwon gwiwa, na ce ta hau benci ta diro, na ɗauke ta daga gaba da wayata a ralanti, wato bidiyo mai nuna motsi a hankali. Da ido babu abin da za ka gani. A bidiyon kuwa, tana taɓa ƙasa gwiwar dama ta lotsa ciki har ta kusa gogar ta hagu, sannan ta koma daidai. Na sha gaya mata ta buɗe gwiwa, tana cewa ai a buɗe take. Da ta gani da idonta sai ta yi shiru. Muka shiga ƙarfafa tsokar ɗuwawu da ta gefen ƙugu, muna sake ɗauka lokaci-lokaci tana ganin bambanci. Gani ya kori ji.

Wani abu kuma, Injiniya: ƙwallayen nan a kan fata ake manna su, fata kuma tana zamewa a kan ƙashi, musamman a cinya. Don haka ko na'urar miliyoyin tana da nata kuskuren.

Injiniya_Zengo:
Haka ne, likita. Inda ƙwallon yake tana gano shi daidai ƙwarai, inda ƙashin yake kuwa lissafi ne.

Malamin_Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya, domin tambayar Mushe ta girmi kwamfuta. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a Kalifoniya ya ɗauki doki yana sukuwa, aka tabbatar akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suna sama. Mu da muke kallon hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram kowace shekara, wa ya taɓa ganin haka da idonsa? A Faransa kuma Étienne-Jules Marey ya ƙera wata kyamara mai siffar bindiga a 1882, tana ɗaukar hoto 12 a sakan. Shi ne yake sa wa mutum baƙaƙen kaya masu fararen layuka a hannu da ƙafa, a ɗauke shi a gaban baƙin bango, sai layukan kaɗai su fito. Asalin ƙwarangwal ɗin da Ɗaliba ke gani a allonta ke nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne Nikolai Bernstein na Rasha. A shekarun 1920 ya ɗaura 'yan fitilu a hannun masu aikin guduma, ya ɗauki hoton yadda suke duka. Ya tarar ƙwararren ma'aikaci ba ya maimaita hanyar hannunsa sak, kafaɗa da gwiwar hannu suna ɗan bambanta daga duka zuwa duka, amma guduma tana sauka inda ake so. Ke nan ƙwarewa ba haddace motsi ɗaya ba ce. Idan aka ɗauki ƙwarangwal ɗin gwani aka ce yaro ya kwaikwaye shi layi bisa layi, an saɓa wa abin da na'urar kanta ta fara ganowa.

Maƙerin_Birni:
Malam, wannan Baturen gaskiya ya faɗa. Ni maƙeri ne, gado na yi. Idan ina dukan ƙarfe ba hannuna nake kallo ba, jan wurin nake kallo. Yaron da na ga yana kallon hannunsa na san yau zai fasa yatsa. Kuma dukan safe dabam da na la'asar idan kafaɗa ta gaji, amma fartanya ɗaya ce ke fita.

Mai_Balo_227:
Ni dai a balo na san wannan abin. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, kyamara 12 aka sa a ƙarƙashin rufin fili, suna bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a sakan, ga wata na'ura a cikin ƙwallon kanta. Da shi ake kama satar gida. Ranar da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 kun tuna ƙwallayen da aka soke? A fadarmu har shayi ya huce ana gardama.

Ɗan_Mirriya:
A taikwando ma akwai. Rigar ƙirji da hular kai suna da na'ura, ƙafa na taɓawa da ƙarfin da ya isa maki ya hau allo. Da irinta Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciwo mana azurfa a Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Tun tagullar Issaka Daboré a dambe a Munik a 1972 ba mu sake samun lambar Olimfik ba sai a hannunsa.

Ɗaliba_Lissafi:
Allah ya ƙara masa ɗaukaka. Amma Yaya, waɗannan biyun duk alƙalanci ne. Ta taikwando duka take ji, ba ta zana motsin jiki. Ta balo tana zanawa, amma don ta ce wane ya wuce layi. Mushe koyarwa yake tambaya.

Tsohon_Ɗalibin_INJS:
Yawwa, mu koma kan tambayar. Na yi karatun horar da 'yan wasa a Yamai, kuma akwai abu biyu da masu binciken koyon motsi suka daɗe da ganowa waɗanda ya kamata Mushe ya riƙe.

Na farko, idan kana gyara wa mai koyo bayan kowane gwaji, zai yi kyau a gabanka, amma ranar da babu kai sai ya rushe, domin ya dogara da kai bai koyi jin jikinsa ba. Allo ma haka ne, har ya fi malami jan hankali. Yaron da ya saba ya yi tsalle ya rugo ya duba waya, ranar gasa babu waya. Abin da ya fi shi ne a bar shi ya yi gwaji da yawa, a tambaye shi me ya ji, sannan a nuna masa ɗaya ko biyu.

Na biyu shi ne abin da Maƙeri ya faɗa da bakinsa. Wata mai bincike, Gabriele Wulf, ta yi shekaru tana nuna cewa mai koyo ya fi yin kyau idan hankalinsa na kan abin da yake son cimmawa a waje, ba a kan gaɓarsa ba. Ka ce wa yaro "ture ƙasa baya", ya fi ka ce "miƙe gwiwarka zuwa digiri kaza". To na'urar nan lambobin gaɓoɓi take fitarwa. A ganina lambobin na malami ne. Shi zai zauna da dare ya duba, ya gano matsalar, gobe ya zo fili da kalma ɗaya da yaron zai gane. Sikeli a kasuwar Dole yana faɗa maka nauyin buhu, ba ya ƙara masa ko tiya ɗaya.

Kine_Sabongari:
Na yarda da rabi. Yarinyar da na ambata ba ta gyaru ba sai da ta ga kanta. Akwai wanda kalma ba ta shigarsa, domin abin da yake ji a jikinsa ya saɓa da abin da yake yi.

Tsohon_Ɗalibin_INJS:
Ba mu saɓa ba, likita. A nuna mata ta yarda akwai matsala, wannan daidai ne. Abin da nake gudu shi ne allo ya zama abokin kowane tsalle.

Hajiya_Uwar_Yara:
Ina karanta ku tun ɗazu, babu wanda ya taɓo abin da ya dame ni. 'Yata tana cikin masu gudu a makarantarsu, ni na ba ta izini, mahaifinta ma da ƙyar ya yarda. Yanzu ana maganar a ɗauke ta bidiyo da kayan wasa, har na ji an ce doguwar riga tana ɓata aikin. Wannan bidiyo a wayar wa zai zauna? Kun san garin nan. Hoto ɗaya ya shiga WhatsApp, gobe yana Zengo yana Garin Malam, iyaye goma su cire 'ya'yansu daga wasa. Ba na ƙin ilimi, amma a tambaye mu tukuna. Malama mace ta ɗauka, a duba a gaban yarinyar, a goge a gabanta.

Mushen_Wasanni:
Hajiya, wannan magana tana kan hanya, kuma na ɗauke ta. Babu yarinyar da za a ɗauka sai da yardar iyayenta. Muna da malama a makarantar, ita za ta riƙe wannan ɓangaren.

Ɗaliba_Lissafi:
Mama, akwai hanyar da za ta rage damuwar. Ana iya ajiye zanen ƙwarangwal kaɗai a kan baƙin allo, a goge bidiyon asali nan take, babu fuska babu jiki. Kuma wando mai tsawo wanda bai cika faɗi ba ya isa, ba sai an tuɓe sutura ba. Shi ya sa ga 'yan mata na fi son manhajar da ke aiki cikin na'ura a kan wadda ke tura bidiyo waje.

Hajiya_Uwar_Yara:
Allah ya yi miki albarka. In haka ne da sauƙi. Amma dai a zo a nuna mana mu gani da idonmu.

Injiniya_Zengo:
Mushe, ga abin da za ka iya farawa da shi ba tare da ka sayi komai ba. Bidiyon waya na yau da kullum hoto 30 ne a sakan. Ƙafar gwanin gudu kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan take yi a ƙasa, wato hoto uku kacal za ka samu, ba za ka ga komai ba. Ka nemi wayar da ke da ralanti na hoto 120 ko 240. A 240, wannan takun zai ba ka hoto wajen 24. Ka kafa wayar a kan abu tsayayye daidai tsayin ƙugu, kar a riƙe ta a hannu, kar a bi yaron da ita. Ta fuskanci gefensa sosai, domin in ta karkace kusurwar da za ka auna ƙarya ce. Ka ja baya kaɗan, rana ta kasance bayanka, ka ajiye sanda mai tsawon mita ɗaya a kan layin da zai bi don kwamfuta ta san ma'auni. Sai ka sa bidiyon a manhajar Kinovea, kyauta ce, a kwamfuta mai Windows take aiki, za ka iya tsayar da hoto ka ja layi ka auna kusurwa ka jera bidiyo biyu gefe da gefe.

Har tsayin tsalle za ka iya fitarwa. Ka ƙirga hotunan da yaron ya yi a sama daga tashi zuwa dira. In 120 ne a ralanti na 240, rabin sakan ke nan, kuma wanda ya yi rabin sakan a sama ya tashi kimanin santimita 31. Da safe za ka yi aikin, domin a zafin watan Afrilu waya tana ɗaukar zafi ta tsaya da kanta.

Ɗan_KaraKara:
To wannan kam ko mu za mu iya. Akwai yaranmu da ke kukan ciwon baya wajen ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Likita, in na ɗauko su daga gefe za ki duba mana?

Kine_Sabongari:
Zan duba, ƙanena. Ka tabbata ana ganin bayan tun daga wuya har ƙugu, kuma su ɗaga nauyin da suka saba, kar su rage don kyamara.

Malamin_Tarihi:
Gargaɗi ɗaya game da jera bidiyo gefe da gefe. Kowa zai so ya sa ɗansa kusa da Usain Bolt. Mutumin nan tsayinsa mita 1.95 ne, kuma da taku 41 ya gama mita 100 a sakan 9.58 a Balin a 2009. Yaro ɗan shekara 14 da ya ce sai ya buɗe taku irin nasa, ƙafarsa za ta riƙa sauka can gaban jikinsa tana taka masa birki. Ku kuma tuna Dick Fosbury, wanda ya ci zinare a tsallen sama a Meziko a 1968 da mita 2.24, yana tsallakawa da baya lokacin da manyan 'yan wasa ke tsallakawa da ciki ko da gefe. Da an auna shi da samfurin gwanayen zamaninsa, da an ce kuskure yake yi. A gwada yaro da kansa na watan jiya ya fi.

Mai_Balo_227:
Ni kuma wani tunani ya zo mini game da maganar Baba. Tun 1975 da aka fara gasar takobi ta kokowar ƙasa a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauka, 'yan kokowa nawa suka shuɗe da dabarunsu? Jiha takwas, kowace da salonta. Na yanzu irin su Issaka Issaka na Doso akwai bidiyonsu ko'ina, amma na da fa? Ko na'urar ba ta koyar da kokowa ba, ai za ta iya adana ta. A samu tsofaffi su nuna kamu da taɗiya a hankali, a ɗauka ta gefe uku, su yi bayani da bakinsu.

Tsohon_Ɗan_Kokowa:
Wannan na yarda da shi, ɗana. Akwai wani kaye da na gani wurin wani dattijo a ƙauyenmu, yana sakin riƙo kamar ya gaji, kana biyo shi sai ka ga ƙasa. Ya rasu, kuma ban ga mai yin sa yanzu ba. Ni ina iya nuna shi a hankali in an samo mini yaro mai hankali da zan riƙe. Amma sharaɗina, duk wanda ya kalla ya zo fili a kama shi ya ji. Kuma akwai abin da ɗan kokowa ba ya nuna wa kowa sai yaronsa, wannan kar ku tambaye ni.

Ɗan_Mirriya:
Baba, in an ɗauka aka watsa, 'yan Maradi da 'yan Doso ma za su gani fa. Mu ba su makamin da za su kayar da namu?

Tsohon_Ɗalibin_INJS:
Suna ganin namu a talabijin kowace shekara, mu ma muna ganin nasu. Wanda ya zauna ya nazarci bidiyon abokin karawarsa, ya san ƙafar da yake fara turowa da gefen da yake son kamu, ya riga ya samu wani abu. Wannan ma ai bai buƙatar ƙwarangwal, ralanti ya isa.

Mushen_Wasanni:
Na gode muku duka. Zan fara da 'yan gudu maza ranar Asabar da safe, yadda Injiniya ya tsara, kuma ni kaɗai zan fara duba bidiyon kafin in nuna wa kowa. Kan kokowa har yanzu zuciyata ta rabu biyu, domin ina ganin tsayuwa da shiga kafin kamu ana iya gyara su da hoto, ko da abin da ke bayan kamu sai hannu. Baba, in ka amince, zan turo wa ɗanka saƙo mu sa rana. Akwai mai ƙafar kyamara da zai ara mana?

Maƙerin_Birni:
Ba sai ka ara ba, Mushe. Ka aiko mini da faɗin wayar da tsayin da kake so, zan haɗa maka ta da rodi, mai ƙafa uku, kafin Juma'a.